Inna da Lambun Tsohuwar Japan

Shekarar da autanmu ya tafi Japan karatun noman shinkafa, ni ce na zama mai riƙe wa Inna waya. A nan cikin Kontagora nake aure, tsakanin gidana da gidanmu tafiyar ƙafa ce, don haka duk Lahadi da hantsi sai in je in zauna kusa da ita a tabarma in kira shi ta bidiyo. Hantsinmu la'asar ɗinsu ce. Da farko in na miƙa mata wayar sai ta kanga a kunne, shi kuma ya yi ta cewa, "Inna, ki sauke, ɗankwalinki kawai nake gani."

Lokacin ba a daɗe sosai da rasuwar Baba ba, kuma Auta shi ne na ƙarshe da ya rage mata a gida. Da ya tafi sai ta yi sanyi. Tana girki, tana sallah, tana amsa gaisuwa, amma ta daina faɗa, kuma mu da muka san ta mun san rashin faɗan Inna ba alamar lafiya ba ce.

Tsakar gidanmu babba ce, kuma babu abin da ke tsaye a cikinta da ba ya shiga tukunya. Akwai zogale, gwanda, lemun tsami, ga rama da yakuwa a bakin magudanar ruwa, ga kuɓewa duk damina. A kusurwar da ke bayan ɗakin Baba kuwa tarkacensa ne jibge: tsohon keke, guntayen kwanon rufi, ragowar bulo, da wani benci mai karyayyiyar ƙafa. Ba ta taɓa wurin, ba ta bari a taɓa.

Auta ya samu ɗaki a saman benen gidan wata tsohuwa, a wani ƙaramin gari da gonakin shinkafa suka kewaye. Mijinta ya rasu, 'yarta tilo tana aure a babban birni, shi ya sa take ba ɗalibai hayar saman. Wata Lahadi Inna ta gaji da kallon fuskarsa da bangon ɗaki, ta ce, "Kai, nuna mini inda kake zaune. Gidan mutane ne ko kurkuku?"

Ya sauko ƙasa ya juya wayar. Abin da muka gani bai kai rabin tsakar gidanmu ba, amma sai da na gyara zama. Daga ƙofar waje zuwa ƙofar ɗaki faffaɗan duwatsu ne aka binne a ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ba a miƙe ba, sun ɗan karkata kamar hanyar rafi. A kan ƙofar wani itace mai ganye kamar allura ya miƙo reshe guda, kai ka ce hannu ya ɗaga wa mai shigowa. Gefe guda wasu gajerun itatuwa ne da aka yi wa aski suka zama kamar kifaffiyar ƙwarya, furanni ja-ja da farare sun lulluɓe su har ba a ganin ganye. Can kusurwa ga wani dutse mai rami cike da ruwa, guntun gora na ɗigo masa. Inda ba shuka, farar tsakuwa ce a baje, an bi ta da manjagara an fitar mata da layi.

Inna ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "To ina abin miya?"

"Babu, Inna. Wannan na kallo ne."

"Na kallo," in ji ta, ta dube ni. "Mutum da ƙasarsa da ruwansa, ya shuka abin kallo."

Amma Lahadin da ta biyo baya, ana gama gaisawa ta ce ya sauka ƙasa.

Haka muka shiga kallon lambun nan mako-mako. Auta yakan faɗa mana sunayen itatuwan da yarensu, Inna ta ƙi riƙewa, ta raɗa musu nata. Na bakin ƙofa shi ne mai allura. Gajerun su ne kifaffun ƙore. Akwai wani siriri mai ganye kamar tafin hannun jariri, ta ce masa mai yatsu. Akwai wani da ke kusa da banɗaki mai 'ya'ya ja kamar murjani, Auta ya ce tsofaffinsu na shuka shi don kore masifa. Inna ta ce Allah ne mai tsarewa, amma dai itacen ya yi kyau a wurin. Da ruwan sama ya kankama a can, wasu masu faɗin ganye da ke jikin katanga suka fitar da furanni shuɗɗa dunƙule-dunƙule, kowane ya kai curin fura uku a haɗe.

Wani lokaci yakan zaga da mu unguwa. Kusan kowane gida da shingensa na ɗanyen itace, an daidaita shi kamar da igiya. Waɗanda ba su da ko taku ɗaya na ƙasa sun jera tukwanen shuka a bakin ƙofa har kan titi, manya da ƙanana.

"Haka suke kwana a waje?" in ji Inna.

"Haka suke kwana."

"Garin ba awaki ke nan."

Abin da ya fi ba ta dariya gansakuka ce. Inna duk damina sai ta sa a kankare gansakukar bakin rijiya da ta gindin katanga, ta ce ƙazanta ce kuma tana kayar da mutum. Sai ga shi a can ita ce shimfiɗar ƙasan lambun, kore shar kamar darduma, kuma rannan muka hango tsohuwar durƙushe a kai da wani abu kamar matsefata tana tsince ciyawa ɗaya-ɗaya daga cikinta. Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. Rabona da jin wannan dariyar tun Baba na da rai.

Ranar ce kuma suka fara ganin juna. Tsohuwar ta ji hayaniya ta ɗago. 'Yar ƙarama ce, bayanta ya ɗan ranƙwafa, da faffaɗar hula da safar hannu. Auta ya yi mata magana da yarensu, ta miƙe da ƙyar ta cire hular ta rusuna wa wayar. Inna ta ruɗe, ita ma ta rusuna daga zaune har goshinta ya bugi hannuna.

"Ka ce ina gaishe ta. Ka ce sannu da aiki. Ka ce na gode da riƙon da take maka." Sannan ta ƙara da cewa, "Kada ka gaya mata abin da nake wa dariya."

Ya riga ya gaya mata. Tsohuwar ta rufe baki da hannu tana dariya, ta ce mijinta ma sai da ya shekara da shekaru yana lallaɓar gansakukar nan kafin ta yarda ta kama, kuma ita kanta wani lokaci takan ce wannan wahala ta mece ce, ga gwiwa na ciwo. Maganar gwiwa ce ta haɗa su. Suka daɗe a kanta, Auta na tsakiya yana juya ciwon wannan zuwa yaren waccan.

Muna da maƙwabciya, Badukkiya ce 'yar Rijau, Kirista, mun tashi muna kiranta Gwaggo. Ita da Inna sun fi shekara talatin suna miƙa wa juna gishiri ta kan katanga. In ta taso daga coci takan biyo da kayan adonta ta tarar da mu a kan waya, ta zauna a ƙarshen tabarma. Ita ce ta ga ranar da mai askin itace ya zo. Wani dattijo ne da tsani mai ƙafa uku, ya hau mai allura yana tsige tsofaffin ganye da yatsunsa, reshe bayan reshe. Auta ya ce tun safe yake kai, kuma sai gobe zai gama.

"Itace ɗaya?" in ji Gwaggo. "Kitson amarya ma bai kai haka ba."

Inna ta matso da fuskarta kusa da wayar. Da dattijon ya sauko ya ja baya yana duban aikinsa, sai muka ga sararin sama ta tsakanin rassan, kowane reshe ya fita daban kamar an zana shi. A hankali ta ce, "Wannan ya san abin da yake yi."

Da kaka ta yi, mai yatsu ya rikiɗe ya zama ja kamar garwashi, har Gwaggo ta rantse fenti ne. A bayan gidan kuma, inda Auta bai taɓa kai mu ba, ashe akwai wani itace da ya zubar da ganye ya bar 'ya'ya manya ruwan goro reto a tsiraran rassa. Muka tarar da tsohuwar zaune a baranda tana feraye su, tana ɗaure su a igiya tana ratayewa a ƙarƙashin rufi.

"Ka ce babu abin ci!" in ji Inna.

"Na manta da wannan."

"Yanka mini ɗaya in gani."

Ya yanka ya nuna mata ciki. Ta dubi ƙwallon, ta dubi hular da ke kan ɗan itacen, ta ce, "Wannan ai kanya ce ta samu wuri." Auta ya ce wallahi danginsu ɗaya, haka malamansu suka ce. Da ya faɗa mata sunansa da yarensu, wai kaki, sai ta ɓata fuska ta ce abin da za a sa a baki ba a kiransa haka, babbar kanya ce. Tsohuwar ta shiga ciki ta fito da wata tukunya, ta buɗe, ga wasu 'ya'yan itace jajaye a yamutse da ta jiƙa da gishiri tun damina, daga wani itacen na bayan gida. Inna ta tashi da kanta, abin da ba ta saba yi ba in ana waya, ta ɗauko busasshiyar kuɓewa da kuka da daddawa ta jera a faifai ta nuna. Suka yi ta ɗaga wa juna kaya kamar masu talla. Daga ranar ta daina cewa "tsohuwar nan", ta koma "ƙawata".

A wata hira ce cikin sanyin shekarar Inna ta tambayi wanda ya jera duwatsun hanya. Tsohuwar ta ce mijinta ne, tun suna da ƙuruciya. Shi ya ɗauko su daga kogi, kuma da gangan ya sa su kusa-kusa daidai takunta, don ita gajeruwa ce, shi kuwa har ya mutu yana tuntuɓe a kansu. Ta ce in tana shara da safe takan yi masa mita a kan dutse na kusa da ƙofa, wanda ya sa a karkace.

Auta ya gama fassarawa, Inna ta ce, "To." Muka kashe waya.

Ranar Laraba ta aiko a kira ni. Na tarar ta ci ɗamara tana tsaye a bayan ɗakin Baba.

"Zo ki kama mini kwanon nan."

Muka wuni muna kwashe tarkacen. Keken ta ba wa wani ɗan'uwan Baba, bulo da kwano ta ce Gwaggo ta ɗauka ta gyara akurkin kaji. Bencin kaɗai ta riƙe, ta aika wa kafinta ya sa masa ƙafa. Ta yi kuka sau ɗaya, da muka ɗaga wani kwano muka ga tsohon takalmin Baba na zuwa gona a ƙasa, ta share ido da bakin zani muka ci gaba. Da la'asar wurin ya zama fili, ƙasa baƙa mai laushi, inuwar katanga ta rufe rabinsa.

Sai maganar duwatsu, don Inna ta ce ita ma hanya irin ta ƙawarta take so. Gwaggo ta ce, "Ke da girmanki, kamar mai ginin rijiya?" Amma ita ce ta tuna da wani rafi a ƙauyensu da ke ƙafewa da rani ya bar faffaɗan duwatsu masu santsi. Ƙanin mijinta na kawo hatsi daga Rijau a a-kori-kura, sai ya riƙa ɗoro mana biyu ko uku a kan buhuna duk zuwa. Inna ta riƙa taka ƙasa tana sa alama inda ƙafarta ta sauka, mu kuma muna haƙawa muna binnewa. Tsakuwa muka samo wurin masu gini, muka wanke ta a kwando. Wurin ruwa kuwa ba mu sha wahala ba. Dutsen niƙan kakarmu na nan yashe tun da injin niƙa ya zo unguwa, tsakiyarsa ta lotsa saboda shekarun aiki. Muka mirgino shi, ta cika shi da ruwa, kafin magariba kurciyoyi sun gano shi.

Abin da ta fi so shi ne mai yatsu. Ta ce Auta ya roƙo mata iri. Tsohuwar ta girgiza kai, ta ce itacen nan in bai sha sanyi mai tsanani ba ba ya yin ja, zafinmu kashe shi zai yi. Ta ce duk abin da ke lambunta a dazukansu yake fitowa, ba daga wata ƙasa aka kawo ba. Sannan ta tambaya, mu me ke fitowa a namu dajin?

Inna ta ji haushi kwana biyu, har ta ce ƙawarta rowa take yi. Daga baya ta fara duba abin da ta saba wucewa. Da ruwa ya sauka ta dasa lalle a jikin katanga, ta riƙa yi masa aski da almakashin ɗinki har ya kifu kamar na can. Ta sa ɗoɗɗoya a gefen duwatsu don zanin mai wucewa ya taɓa ta ƙamshi ya tashi. Gwaggo ta kawo saiwar gora daga bakin rafi. Wata 'yar tsamiya da ta tsiro da kanta a bakin magudana, wadda da can tsige ta za a yi, Inna ta cire ta da ƙasarta ta sa a tsohon kaskon tuya, tana datse mata kai duk ta yi tsawo. Gansakuka kuwa ta hana a kankare. Har ta bakin rijiya ta riƙa ɓamɓarowa da wuƙa a hankali tana mannawa a gindin dutsen niƙa, inda rana ba ta kaiwa.

Matan unguwa sun yi magana. Wasu suka ce kaɗaici ne ya taɓa ta, wasu suka ce ɗanta ne ya turo mata al'adar Turawa. Ta ce ba Turawa ba ne, kuma ba shi ya turo ba. Ba a jima ba masu maganar suka fara daɗewa in sun shigo gaisuwa, sai ka ga mace ta zauna a bencin Baba tana kallon kurciya na shan ruwa, tuwonta na jiranta a gida.

Ranar da muka nuna wa tsohuwar, a tsakiyar damina ne, komai ya yi kore. Na bi duwatsun da wayar a hankali. Ta sa tabarau, ta ce in tsaya, in koma baya, in sunkuya. A kan dutsen niƙa ta fi daɗewa. Da Auta ya gaya mata abin da ake yi da shi da, da wadda ta yi aiki da shi, sai ta haɗa tafukanta ta rusuna masa. Ta ce nata sayowa aka yi daga masu sassaƙa, na Inna ya fi. Amma ta ce gora ta yi kusa da katanga, saiwarta za ta fasa gini, a tona a sa mata shamaki. Inna ta ce ai ta sani, alhali ba ta sani ba, washegari kuma ta sa aka tona.

Da rani ya shigo gansakukar ta bushe ƙurmus, lallen ya kaɗe, ɗoɗɗoya ta zama tsinke. Inna ta yi ta ɗiban ruwan rijiya tana zubawa har na yi mata faɗa saboda bayanta. Ta ƙi yarda a nuna wurin a waya. Da tsohuwar ta matsa, na juya wayar ba da izinin Inna ba. Sai tsohuwar ma ta ce wa Auta ya buɗe ƙofar baranda. Nata lambun ya fi namu tsiraici. Mai yatsu ba ganye ko ɗaya, masu shuɗin fure sun zama ƙirare, an naɗe wasu itatuwan da tabarmar bambaro kamar masu jin sanyi, dusar ƙanƙara ta rufe tsakuwa. Ta ce haka yake duk shekara, kuma ita tana son lokacin, don shi ne take hutawa ta ga duwatsun sosai. Ta ce gansakuka ba ta mutu ba, barci take. Inna ba ta yarda ba sai da ruwan farko ya sauka, ta aiko a kira ni tun da sassafe in zo in gani.

A kakar da ta biyo baya tsohuwar ta zame a baranda ta karye a ƙugu. Aka kwantar da ita asibiti, daga nan 'yarta ta tafi da ita birni jinya. Gidan ya rage Auta shi kaɗai. Da ya sauka da mu ƙasa, ganye ya rufe duwatsu, ruwan dutsen ya yi baƙi, babbar kanya na faɗowa tana ruɓewa.

"Kai kana cikin gidan wurin ya zama haka?" in ji Inna.

"Inna, rubutun ƙarshe nake yi, ga gwaje-gwaje a gona..."

"Jingine wayar nan inda zan gan ka, ka ɗauko tsintsiya."

Auta, wanda tunda aka haife shi ban taɓa ganin ya share ko ƙofar ɗakinsa ba, ya ɗauko tsintsiya. Faɗan Inna ya dawo gaba ɗaya. Kada ya ja tsintsiya a kan gansakuka, da hannu zai tsince. Ya wanke dutsen ruwa. Ya feraye kanyar ya rataye, ƙawarta za ta so ta tarar da ita. Duk Lahadi haka, ita da Gwaggo suna zaune a Kontagora suna ba da umarni, shi yana can yana gumi cikin sanyi. Ni kuwa hannuna ya yi ta sagewa da riƙon waya.

A nan ne aka yi ɓarna. Inna ta ga kifaffun ƙoren sun fitar da 'yan rassa sun ɓata siffa, ta ce ya yi musu aski. Ya ce bai taɓa ganin ana taɓa su a wannan lokacin ba. Ta ce ita da take yi wa lalle aski duk wata za a gaya wa? Ya ɗauko almakashi ya bi su tas, suka yi sumul gwanin sha'awa.

Tsohuwar ta dawo da sandar dogarawa ana gab da fita sanyi. Auta ya ce ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallo, ta ga kanya a rataye, ta ga duwatsu a share, ta yi ta godiya. Da ta iso kan kifaffun ƙoren sai ta shafa su ta yi shiru. Sai da lokacin furensu ya zo muka gane dalili. Na maƙwabta duk suka lulluɓe da ja da fari, nata kore kawai, sai ɗaiɗaiku a can ƙasa inda almakashi bai kai ba. Ashe tun damina suke ɗaure furen baɗi a kan rassan, Auta ya datse su duka.

Inna ta rasa inda za ta sa kanta. Ta yi wanka ta sa mayafinta na zuwa biki, ta zauna a gaban waya ta ce, "Ka gaya mata ba laifinka ba ne. Ni na sa ka. Ka ce ta yafe mini, na yi wa gonar mutane karambani."

Tsohuwar ta saurara har ƙarshe. Ta ce gaskiya ranar da ta gani ta ji zafi, don tana kwance a asibiti furannin nan take ta tunani. Amma ta ce ita ma ta taɓa yin haka shekarar da aka kawo ta gidan, uwar mijinta ta yi wata guda ba ta yi mata magana ba. Ta ce ita ba za ta kai wata ba, ta riga ta huce, kuma baɗi za su yi fure fiye da na kowa. Sannan ta tsinko ɗaya daga cikin 'yan furannin da suka tsira ta kawo shi dab da wayar, ta ce wannan na Inna ne.

A shekarar Auta ya gama. Kafin ya taso aka yi sallama mai tsawo, Gwaggo ma ta fasa zuwa taron mata don ta kasance. Tsohuwar ta ba shi almakashinta na lambu, baƙin ƙarfe mai manyan kunnuwa, ta ce ya kawo wa Inna ta daina wahalar da na ɗinki. Inna kuma tun kafin nan ta aika mata da turmin atamfa ta hannun wani abokin karatunsa. Bayan dawowarsa hirar ta ragu, don sai 'yar tsohuwar ta je gidan ake samun mai riƙe mata waya. Hoto dai yana zuwa lokaci-lokaci. A bazarar da ta biyo baya aka turo na kifaffun ƙoren, ba a ganin ganye saboda fure, ga tsohuwar tsaye a gefe da sandarta, ta yafa atamfar a kafaɗa.

Auta bai kwana uku a gida ba Inna ta ce ya nemo mota. Akwai ƙanwarta da ke aure wajen Zugurma, kuma a bakin gonar mijin akwai wani dutse da ta gani tun wani zuwa suna da ta yi, ta riƙe shi a rai ba ta gaya wa kowa ba. Ya kai tsayin gwiwa, baƙi, da farin zane a gefe guda. Mijin ƙanwar ya yi murna, ya ce ya daɗe yana karya masa garma. Maza huɗu suka kawo shi, da Auta na biyar, suka shigo da shi a kan gungumen itace suna nishi.

Ta sa suka haƙa rami suka binne kusan kashi ɗaya cikin uku, ta ce dutse in ba a binne gindinsa ba kamar baƙo yake. Ta koma bakin zaure ta duba, ta ce a juya shi hagu. Suka juya. Ta je ta zauna a benci ta duba, ta ce ya yi yawa, a dawo da shi kaɗan. Ɗaya daga cikin mazan ya ce, "Hajiya, dutse ai dutse ne."

"Yana da fuska," in ji Auta, yana share gumi. "Ku dai mu juya."

Suka sake kamawa. Rana ta take, Gwaggo na leƙe ta kan katanga tana ba da tata shawarar da ba wanda ya nema. Aka juya, aka mayar, aka ɗan kwantar da shi baya, har farin zanen ya fuskanci mai shigowa. Inna ta zagaya shi a hankali, ta dafa shi, ta tura ƙasa da ƙafa ta danne gindin.

"Ku bar shi haka," ta ce. "Ku wanke hannu, abinci na hucewa."